Kafin a Miƙa wa Yaro Bindigar Farauta

Da an gama girbi, iskar hunturu ta fara kaɗawa, zancen farauta kan dawo bakin samari a Hanwa da Bomo da Basawa da sauran sassan ƙaramar hukumar Sabon Gari. Ana wasa barandami, ana ƙara wa karnuka abinci, ana tambayar wace mota ce za ta kwashi jama'a ranar fita. A gidajen da aka gaji harbi kuma akwai wata magana da ta fi wannan nauyi. Yaro ya kai sha biyu ko sha uku, ya gaji da riƙon gora da ratayen jakar babansa, idonsa ya fara komawa kan bindigar da ke jingine a ƙuryar ɗaki. “Baba, yaushe za a ba ni tawa?” Uban zai ce masa ya yi haƙuri, amma a ransa shi ma yana so, domin babu maharbin da ba ya burin ganin ranar da ɗansa zai kayar da nama.

Wannan uba yana da takwara a Amurka, a jihohi irin su Fensilbaniya da Mishigan da Teksas, inda farautar barewa mai farar wutsiya ta zama al'adar gida-gida a ƙarshen shekara. Tambayar da shi yake kwana da ita ita ce: wane harsashi ne zai kashe dabbar nan take, amma ba zai doki kafaɗar yaron har ya tsorata ba? Amsar da ta fi yawo a bakin maharbansu ita ce .243 Winchester, wanda ya shigo kasuwa a 1955. An samar da shi ne ta hanyar tsuke wuyan kwanson .308 domin ya ɗauki ƙaramin kai mai nauyin giram shida da rabi ko ƙasa da haka, yana fita da gudun kusan mita 900 a sakan guda. Wasu kan zaɓi 7mm-08 Remington na 1980, wasu 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, wasu kuma su tsaya ga tsohon .30-30 da aka sani tun 1895. Abin da ake nema a cikinsu duka shi ne sauƙin shuri. Shurin .243 bai wuce kimanin rabin na .30-06 ba, harsashin da sojan Amurka ya shiga yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da shi, wanda manya da yawa ke farauta da shi har gobe.

Lissafin abin ba ɓoyayye ba ne, duk ɗalibin kimiyya a Samaru ya karanta shi. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba, irinsa ne ke tura bindiga baya. In harsashi ya yi nauyi, ko gudunsa ya ƙaru, ko albarushi ya yi yawa, shuri zai ƙaru. In bindigar kanta ta yi nauyi, shuri zai ragu, saboda jikinta ya shanye wani kaso kafin ya isa ga mai harbi. A nan ne iyaye da yawa ke tafka kuskure da kyakkyawar niyya: su zaɓo wa yaro bindiga mafi rashin nauyi don kada ta gajiyar da shi, alhali ita ce mafi mugun shuri.

Me shurin yake yi wa yaro? Raɗaɗin kafaɗa shi ne ƙarami, kwana biyu ya wuce. Babban abin shi ne tsoron da ke zama a jiki. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da yaron da bindiga ta taɓa bugu zai ga yadda abin yake. Zai ɗaga ta da kyau, ya saita, sai a daidai lokacin da yatsansa ya fara matsa kunama ka ga ya runtse ido, ya ɗage kuncinsa daga jikin itacen, ya turo kafaɗa gaba kamar mai taryar duka, ya fizgi kunamar maimakon ya ja ta a hankali. Bakin bindigar ya riga ya sunkuya kafin wuta ta tashi. Shi bai ma san ya yi ba. In aka tambaye shi sai ya rantse idonsa a buɗe yake. Masu koyar da harbi kan kama wannan ciwo ta hanyar miƙa wa ɗalibi bindigar da babu komai a ciki ba tare da ya sani ba: kunama ta yi ƙas, babu ƙara, amma sai a ga yaron ya zabura. Ɗabi'a ce da kan shiga mutum a harbi ɗaya, ta ɗauki shekaru ba ta fita ba. Maharbin da ke runtse ido kuwa, bai ga abin da ya gitta ba a sakan ɗin ƙarshe, ko kare ne, ko akuya, ko abokin tafiya.

Shi ya sa can Amurka ba a harsashi kaɗai ake tsayawa ba. Ana rage tsawon gindin bindiga daga inci goma sha uku da rabi na manya zuwa sha biyu ko kusa da haka, don hannun yaro ya kai kunama ba tare da ya banƙare ba. Ana liƙa roba mai taushi inda take zama a kafaɗa. Ana toshe kunne, domin ƙarar bindigar farauta ta haura mizanin desibel 140 da likitocin kunne ke cewa daga nan ji kan lalace ko da sau ɗaya ne aka ji ta. Yawancin abin da yaro ke tsoro ma ƙarar ce.

Akwai kuma iyaka ta ɗaya ɓangaren. Harsashin da ya yi rauni da yawa ba ya kashewa, sai dai ya raunata dabba ta shige duhuwa ta mutu bayan kwana uku da tsutsa a jiki. Don haka dokar Ingila ta hana harbin manyan barewa da harsashin da faɗinsa ya gaza inci .240, abin da ya sa .243 ya samu karɓuwa sosai a can. Wannan tunani ba baƙo ba ne a zaurukan karatu na Zazzau. Mai Risala ya karhanta farauta don wasa, ya halatta ta don buƙata, kuma malaman Malikiyya sun sharɗanta cewa mai farauta ya zama mai wayo, wanda ya san abin da yake yi, ya ambaci sunan Allah lokacin saki. Umarnin kyautatawa wajen kisa da yanka ya shafi daji kamar yadda ya shafi mahauta.

Ba a kawo wannan labari don wani ya shiga kasuwar Sabon Gari neman .243 ba. Babu shi, kuma bai kamata a same shi ba. Abin da ya cancanci a duba shi ne yadda mutanen nan suka mai da zaɓin makamin yaro lamarin awo: giram nawa, inci nawa, tazara nawa. A auna wannan da abin da ke hannun maharbinmu.

Iri biyu ne galibi. Akwai mai baki ɗaya da ake karyawa a sa mata harsashin roba mai lamba 12. Wannan harsashi kan ɗauki ƙwayoyin darma masu nauyin giram 32 ko kusa da haka, wato kusan ninki biyar na kan .243, ita kuma bindigar ba ta cika kai kilo uku ba. In aka buga lissafi, shurinta ya kai, ko ma ya zarce, na .30-06 ɗin da uban Amurka yake gudar wa ɗansa. Akwai masu lamba 20 da .410 da suka fi sauƙi, amma su da harsashinsu ba su yawaita a nan ba. Saboda haka yaron da aka ce a fara masa da “ƙaramar bindiga” mai baki ɗaya, an fara masa ne da abin da ke girgiza ƙato.

Ta biyun ita ce bindigar toka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, kuma ita ce ta fi tayar da hankali. A kalli yadda ake ɗura ta. Maharbi zai dasa gindinta a ƙasa, ya zazzago albarushi a tafin hannu, ya dube shi da ido, ya zuba ta baki. Ya cusa tsumma ko ɓawo, ya danna da sandar ɗuri. Ya zuba ƙwayoyi, wani lokaci darma, wani lokaci guntayen ƙarfe, ya sake toshewa ya danna. Awon duka yana cikin tafin hannunsa da yanayin zuciyarsa a wannan safiya. In yana tsammanin babban nama sai ya ƙara. In albarushin ya sha raɓa sai ya ƙara don kada ta ƙi tashi. Ɗurin yau ba irin na jiya ba ne, albarushin wannan mai haɗawa ba irin na wancan ba ne, bututun kuma maƙeri ne ya samo shi daga ƙarfen da ba don wuta aka yi shi ba, babu wanda ya taɓa gwada iyakar abin da zai iya ɗauka. Tsohon maharbi ya san halin tasa saboda sun daɗe tare, kuma ko shi ba ya tsira kullum. Ba a rasa mai guntun yatsa ko tabon ƙuna a fuska cikin taron mafarauta. Haɗarin da ya fi kama sabon hannu sananne ne: ta ƙi tashi, ya juyo bakinta ya leƙa, ko ya manta akwai ɗuri a ciki ya ƙara wani a kai. A irin wannan makami tambayar “wane harsashi ne mai sauƙi?” ba ta da amsa, domin babu harsashi biyu da suka zo daidai.

Doka ma ta riga ta yi magana, ko da yake ba kowa ya san da ita ba. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda take babi na F28 a kundin dokokin tarayya na 2004, ta kasa makamai gida uku. Na yaƙi, sai da izinin shugaban ƙasa. Na farauta na zamani, har da bindigar iska da wasu ke ɗauka abin wasa, sai da lasisin Sufeto-Janar na 'yan sanda. Masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, suna ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka taɓa hukuntawa kan tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ɗan sha uku da ke rataye da bindiga a hanyar Shika yana kan laifi, kuma wanda ya rataya masa ya fi shi.

Sannan a tambaya, me zai harba? Uban Amurka yana da dabbar da zai nuna wa ɗansa. A farkon ƙarni na 20 barewarsu mai farar wutsiya ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan ko ƙasa da haka. Yau ana ƙiyasta ta kai miliyan 30. Ba addu'a kaɗai ta dawo da ita ba. An ƙayyade lokacin farauta da adadin da mutum zai kashe, kuma tun 1937 dokar Pittman-Robertson take karkatar da harajin bindiga da harsashi zuwa kula da namun daji. A ƙasar Zazzau tafiyar ta bi akasin haka. Gwanki da kanki da mazo da kakanni ke ba da labari sun zama sai a tatsuniya ko a gandun da aka killace. Barewa ta shiga jerin dabbobin da ke fuskantar barazana a duniya. Ko gada, wadda nauyinta bai cika wuce kilo ashirin ba, sai an yi nisa. Arewa tana da dokar namun daji tun 1963, tarayya ta yi ta kare dabbobi masu ƙarewa a 1985, amma wuta da gatari da garma sun fi su sauri. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda ya zama na ƙasa a 1999, ba a farauta a cikinsa bisa doka, kuma shekarun nan 'yan bindiga sun hana ma ma'aikatansa sakat. Abin da ya rage wa mai fita daga Hanwa shi ne zomo da gafiya da kurege da makwarwa da zabon daji, waɗanda kare da gora da tarko suka ishe su.

Ita Hanwa ɗin ma ta daina zama bakin daji. Daga Kwangila zuwa Palladan zuwa Samaru gidaje sun haɗe, bakin Kubanni ya zama lambuna da makarantu da hanyar ɗalibai. In aka fita bayan gari, gona ce ke bin gona, da makiyaya, da mata masu itace, da yara masu kalar gyaɗa. Harsashin .243 da ya kuskure yana iya tafiyar fiye da kilomita uku kafin ya faɗi. Ko a Amurka, yankunan da ke da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da yawan jama'a, irin su Ohayo da kudancin Mishigan, sun daɗe suna taƙaita irin harsashin da za a yi farauta da shi, har kamfanin Winchester ya fitar da .350 Legend a 2019 don ya dace da dokokinsu. Ƙasarmu ta fi tasu cika da mutane a lokacin rani.

Abin da ke ba mai wannan rubutu takaici shi ne, iyayenmu suna da nasu tsarin, kuma mai kyau ne, mu ne muke tsallake shi. Ɗan maharbi ba ya farawa da makami mai kisa daga nesa. Yakan fara da bin sawu: ya bambance na zomo da na dila, ya san kashin da ya kwana da na yanzu, ya gane inda iska ta nufa don kada dabba ta shinshino shi. Ya koyi ɗana tarko, ya koyi kiran kare da hana shi, ya koyi zama daƙam a wurin dako har ƙafa ta yi sanyi. Ya koyi yanka da fiɗa da rabon nama, ya san kason wanda ya fara jifa da na mai kare. Shekaru yana ɗaukar kwarin ubangidansa kafin a yarda ya ɗana kibiya mai dafi, domin an san kuskure ɗaya da ita ba ya gyaruwa. Shi baka ma da kansa yana auna mai shi: yaron da ƙarfinsa bai kai ba, ba zai iya jan tsarkiyar babba ba, dole a sassaƙa masa daidai shi. Bindiga ce ta zo ta rushe wannan mataki, saboda kunamarta ba ta tambayar shekaru. Aisha Bakari Gombi ta Adamawa, wadda ta yi suna wajen jagorantar mafarauta a yaƙi da Boko Haram, tun tana ƙarama ta fara shiga daji, amma a bayan kakanta take tafiya.

Wani uban zai ce zamani ya canja, ba don zomo yake koya wa ɗansa harbi ba. Maganarsa tana da tushe. Mutanen Giwa da Birnin Gwari sun ga abin da suka gani a hannun 'yan bindiga, kuma a Yunin 2021 an shiga har Kwalejin Nuhu Bamalli a Zariya aka ɗebi mutane. Sai dai ɗan sha uku mai bindigar toka ba kariya ba ne ga gida. Harbi ɗaya gare shi, a gaban masu AK-47, kuma riƙonta ya mai da shi abin hari. Akwai ma wani haɗarin. A Maris ɗin 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta 'yan jihar Kano da ke hanyar komawa gida hutun sallah, bayan an ga bindigogin gargajiya a motar da suka hau. Zalunci ne tsagwaronsa, babu abin da zai wanke shi. Amma ya nuna yadda ƙasar ta koma: manya ma masu sana'ar ba su tsira daga zargi ba, balle yaron da ba shi da takarda, ba shi da bakin kare kansa a shingen bincike.

Zariya kuwa ba ta rasa inda za ta ga misali ba. Garin da ke da Depot na horar da kuratan soja tun 1924, da makarantar soja ta yara tun 1954, ya san cewa kurtu kan daɗe yana koyon riƙo da kwancewa da gogewa da inda ake fuskantar da baki, kafin a kai shi filin harbi a ba shi harsashi mai rai, da malami tsaye a kansa. A Amurka, jihar New York ta wajabta irin wannan darasi ga sababbin mafarauta tun 1949, sauran jihohi suka bi. Abin da ake koyarwa bai fi ƙarfin kowa ba: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai ɗuri, kada yatsa ya taɓa kunama sai an yi niyyar harbi, a san abin da ake hari da abin da ke bayansa, kada a nuna wa mutum baki ko da wasa. Na ƙarshen nan hadisi ma ya hana shi.

Wannan aiki na sarakunan baka ne da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta, tun da su ake jin maganarsu a daji fiye da kowane jami'i. Su ne ke sa ranar fita, su ne ke raba faɗa in an yi rikici kan nama. Suna da ikon cewa wanda bai kai 17 ba ya zo da gora da kare, ya bar wuta a gida, kuma uban da ya saɓa a hana shi fita shekarar. Suna iya wajabta wa kowane mai bindigar toka ma'aunin albarushi na ƙaho ko na ƙarfe maimakon tafin hannu, su sa gogaggu su duba bututu kafin kaka ta wuce. Saurayin da ya cika shekaru, ya samu takardarsa, harbinsa na farko ya kasance a kan alama, da tudun ƙasa a bayanta, da ɗuri mai sauƙi, da auduga a kunne, da babba a gefensa, ya maimaita har a tabbatar idonsa ba ya rufewa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da malaman dabbobi da na gandun daji, asibitin koyarwa na Shika yana da likitocin da suka san raunin bindiga, ofishin 'yan sanda yana nan kusa. Hakimi ko mai unguwa ɗaya ya isa ya tara su da mafarauta a ƙofar gidansa wata Asabar, kafin a ƙone ciyawar bana.